Jegon Hafsatu da Shirun da Muka Yaba

Godiya ta tabbata ga Allah Mai yawan jinƙai, wanda Ya halicci jiki da zuciya, Ya san raunin kowannensu, Ya kuma sanya tausayi tsakanin bayinSa domin wanda ƙarfinsa ya ƙare ya sami inda zai jingina. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabin rahama, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi hanyarsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ni dattijo ne mazaunin Kafanchan, a nan aka haife ni, a nan kuma na tsufa ina karantar da littattafan fiƙihu a zauren gidana. Abin da zan ba da labari jinyar 'yata Hafsatu ce, wadda bayan haihuwarta ta fari wani ciwo ya kama ta, irin wanda ke sa mutum ya riƙa tunanin raba kansa da duniya. Allah Ya ba ta lafiya, kuma da izininta nake wannan rubutu. Da na nemi izinin sai ta ce, "Baba, ka rubuta, wataƙila wata ta amfana. Amma don Allah kada ka mai da shi wa'azin Juma'a." Zan yi iyakar ƙoƙarina, ko da yake mai karatu ya san halin malamai.

Hafsatu ita ce autata. Tun tana ƙarama Allah Ya hore mata baki, har yayyenta suka riƙa kiranta rediyon gida. Ta yi aure a nan cikin gari, mijinta Nasiru yana sayen citta a ƙauyuka yana kaiwa Kano. Da cikinta ya tsufa ta dawo gidanmu kamar yadda aka saba, ta kuma sauka lafiya a asibiti da farkon damina, aka sami namiji. Ranar suna Nasiru ya sa wa yaron sunana. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, amma ya jefa matan gidan cikin wahala, domin babu mai iya furta sunan, sai aka laƙaba masa Malam Ƙarami. Matata Hajiya Balaraba ta ce ta yi sabon miji, kuma ya fi tsohon, tun da shi ba ya tambayarta inda aka ajiye masa tabarau. Ƙanwata Asabe, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta taso daga Zonkwa da jakarta ta karɓi ragamar jego: tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji. Gida ya cika da hayaƙi da dariyar masu zuwa barka.

Mai karatu ya san al'adarmu game da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ɗokinsa. Idan ya yi kuka a gaban surukai sai ta sunkuyar da kai har wani ya miƙa mata shi. Muna kiran wannan kunya, muna kuma ganin ta ado ce ga mace. To, a kan Hafsatu kunyar ta zama biyu, ga ɗan fari, ga kuma mai sunan mahaifinta.

Saboda haka da rediyon gida ta yi shiru bayan suna, babu wanda hankalinsa ya tashi. Ba ta ɗaukar yaron sai an ɗora mata. In tana shayar da shi fuskarta tana kallon bango. Kwanon abinci yakan dawo kamar yadda aka kai shi, sai Gwaggo ta ce ai mai jego ba ta cika ci a gaban mutane ba. Idanunta kullum jawur, in an tambaya ta ce hayaƙin itace ne. Gwaggo kuwa ta sami abin alfahari. Duk wadda ta shigo barka sai ta ja ta gefe ta ce, "Kin ga 'yar gidan malamai ko? 'Yan matan yanzu daga ɗakin haihuwa sai ɗaukar hoto da jariri a waya. Tamu kuwa ko kallonsa ba ta yi!" Mata su yi ta sa albarka. Maganar takan iso ni a zaure, in gyara zama in ce Alhamdu lillahi.

A mako na uku rama ta bayyana, ta yadda ko mai yabo ba zai iya ƙin gani ba. Hajiya ta gaya mini yarinyar ba ta barci ko da yaron ya yi barci. Daga nan shawarwari suka fara zuba. Gwaggo ta ce ruwan wanka ne bai cika zafi ba, aka ƙara itace. Wata 'yar'uwa ta ce baki ne, domin an yaba yaron da yawa ranar suna. Wata ta ce iska ce, a nemo turare. Mai kemis na bakin titi ya ce ƙarancin jini ne, ya ba da wani ruwan magani ja mai tsada. Ni kuma na yi abin da na iya, na rubuta ayoyin neman waraka a allo aka wanke mata, na yi tofi, na roƙi Allah a sujada. Ban raina addu'a ba a lokacin, ba na kuma raina ta yanzu. Sai dai dukanmu muna yi wa jiki magani ne, babu wanda ya zauna ya tambayi mai jikin abin da ke cikin ranta.

Wadda ta tambaya maƙwabciyarmu ce, Mama Tabita. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita tun 'ya'yanmu suna ƙanana. Kirista ce, mutuniyar Madakiya, tsohuwar shugabar makarantar firamare, kuma ita ta koya wa Hafsatu karatun boko na farko. Lokacin suna tana ƙauye wajen shuka, shi ya sa barkarta ta makara. Ta zo da hantsi ɗauke da kwanon gwaten acca, ta shiga ɗakin mai jego, ina jiyo ta daga zaure tana yi wa jariri waƙa da harshensu. Can sai na ji waƙar ta tsaya. Bayan wani lokaci ta fito ta tsaya a ƙofar zaure. Hausarta irin ta mutanen ƙasar nan ce, wadda ba ta matsa wa kanta wajen raba namiji da mace ba, kuma zan kawo maganarta yadda ta faɗe ta.

Ta ce, "Malam, sannu da karatu. Ka ajiye littafi tukuna, ina da magana."

Na ajiye. Na ce, "Lafiya dai, Mama?"

"Ba lafiya ba. Yarinyan nan ba shi da lafiya."

Na ce, "Jego ne, Mama, ga kuma kunyar ɗan fari. Kin san al'adarmu."

Ta ce, "Na san kunya naku sarai. Tun yaushe nake zaune da ku? Mai kunya yana satan kallon yaro in ya ga ba kowa. Hajiya ma haka ya yi da na farkonku, ina gani ta katanga, yana sumbatan ƙafan yaro in Gwaggo ya fita. Wannan fa na juya masa baya da gangan, ina kallo ta madubin kabad. Ko sau ɗaya bai duba yaro ba."

Ta matso ta rage murya.

"Na tambaye shi kai tsaye. Na ce, Hafsatu, kina tunanin kashe kanki? Ya ce e, Mama. Malam, kada ka yi masa faɗa, kada ka kira taro. Ni ma ya kama ni bayan na haifi na uku, a Madakiya. Kowa ya ce ba na addu'a sosai ne. Sai da maigida, Ubangiji ya ji ƙansa, ya ɗauke ni a keke ya kai ni asibitin mishan. Ga ni yau da jikoki. Ciwo ne, yana da magani. Ka tashi ka je wurin 'yarka."

Na karanta babin jinya da babin gaisar da mara lafiya ga ɗalibai sau da yawa, amma ban taɓa zuwa gaisuwar da ta yi mini wuya kamar ta wannan hantsi ba. A al'ada uba ba ya zama a ɗakin jego. Na yi sallama na shiga, na roƙi Hajiya da Gwaggo su ba mu wuri, Gwaggo ta fita tana kallona kamar na shiga masallaci da takalmi. Na zauna a ƙasa kusa da gadon.

Na ce, "Auta, Mama Tabita ta gaya mini. Ban zo da faɗa ba. Ina so in ji daga bakinki."

Ta daɗe tana kuka kafin magana ta fito. Ta ce, "Baba, wani abu ne yake ce mini yaron nan zai fi samun gata idan ba na nan. Ina duba zuciyata in nemi son da ake cewa uwa tana ji, sai in tarar babu komai, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ga shi kowa yana yabona. Kullum aka yaba sai in ji na ƙara zama maƙaryaciya."

Na ce, "Me ya hana ki gaya wa mahaifiyarki?"

"Baba, a gidan nan na tashi. Na san hukuncin wanda ya yi wannan. Na ɗauka tunanin kaɗai ma ya fitar da ni daga Musulunci. Ta yaya zan dubi idonka in faɗa?"

A nan ne Allah Ya sa karatun da na yi ya yi mini rana. Na bayyana mata abin da malamai suka rarrabe tun da daɗewa, cewa akwai bambanci tsakanin abin da ke faɗo wa zuciya ba da son mai ita ba, da abin da mutum ya ƙudurta da zaɓinsa yana cikin lafiyarsa. Na ce mata Allah ba Ya kama bawa da abin da ya zo masa yana ƙinsa, kuma ƙin da take yi, da tsoron da take ji, su ne shaidar imaninta. Na ce, "Makonni kina yaƙi da wannan abu ke kaɗai, kina kuma tashi ki shayar da yaro. Ni a wurina mai haƙuri ce ke, mai lada. Abu ɗaya nake roƙo. Duk sa'ad da tunanin ya zo, ki faɗa wa ɗayanmu, ko ni, ko Hajiya, ko Mama Tabita. Ba za ki ji faɗa daga kowa ba." Ta ɗaga kai ta ce ta yi alkawari.

Tun daga wannan rana ba a sake barin ta ita kaɗai ba. Hajiya ta kwaso shimfiɗarta ta koma ɗakin. Bisa shawarar Mama Tabita aka fitar da duk wani abu mai haɗari, aka yi shi cikin hikima kamar ana gyaran ɗaki. Na aika aka kira Nasiru. Yaron kirki ne mai tsananin kunyata, wanda yakan tuɓe takalminsa tun daga bakin titi. Ya durƙusa can nesa, na ce ya matso, ya matso kamar taƙi ɗaya. Da na gaya masa sai hawaye suka zubo masa, ya ce, "Wallahi, Baba, na ɗauka fushi take yi da ni don ragon suna bai kai na yayarta girma ba." A cikin wannan hali sai da na yi murmushi. Na ce masa rago ba shi da laifi, ya je ya nemo mota.

Washegari muka je wani asibiti a nan gari. A nan ina da godiya, ina kuma da ƙorafi. Mun iso da sassafe muka tarar layin yankar kati ya kai bakin ƙofa. Mai jego da jariri suka zauna a benci har rana ta take. Da aka kira mu, ƙofar ɗakin likita a buɗe take, mutane sun cika bakinta suna leƙe, wani ma yana miƙo takardarsa ta saman kaina. Ta yaya mace za ta faɗi irin wannan magana a kasuwa? Allah Ya saka wa wata ma'aikaciyar jinya da alheri, wadda ta dubi fuskar Hafsatu sau ɗaya, ta kori masu leƙe, ta rufe ƙofa, ta jingina bayanta da ita. Likitan ya saurara da kyau, ya sa aka auna jininta, sa'an nan ya gaya mana gaskiya cewa wannan aikin masana lafiyar ƙwaƙwalwa ne, kuma ba su da irinsu a wurin. Ya tura mu Kaduna.

Da Gwaggo ta ji inda za mu, ta dafe ƙirji. "Yaya Malam, asibitin mahaukata? 'Yar gidan nan? In labari ya fita, da wane ido za mu dubi dangin mijinta?"

Hajiya, wadda ba ta saba ja da Gwaggo ba, ta ce, "Gwaggo, da idon da za mu dube su in muka rasa ta. Zaɓi ɗaya a ciki."

Gwaggo ta shiga ɗaki, ta fito da guzurin hanya na ƙosai da dafaffen ƙwai, ta ajiye mana.

Tafiyar Kaduna ita ce ranar farko da na ji nauyin ƙirjina ya ragu. Mama Tabita ta ce ba za a bar ta a baya ba. Kafin mota ta tashi na karanta addu'ar tafiya, ita ma ta sunkuyar da kai ta yi tata. Direban, wani saurayi ɗan Fadan Kaje, ya ce, "To, yau motan nan an tsare shi gaba da baya, ko birki ba na bukata." A Madakiya Mama Tabita ta sa aka tsaya, danginta suka cika mu da gasasshiyar masara, ta riƙa nuna wa Hafsatu gonar da ta yi noma tana yarinya. Muka wuce Kachia lafiya. Muna dab da Kajuru, duwatsu suna gefenmu, sai taya ta fashe. Direba ya fito ya duba, ya dube ni, ya dubi Mama Tabita, ya ce, "Baba, Mama, a cikinku waye bai sa taya a addu'a ba?" Sai na ji Hafsatu ta yi wata 'yar dariya daga kujerar baya, gajeriya ƙwarai. Hajiya ta damƙe hannun Mama Tabita, babu wanda ya juya don kada ya kori dariyar.

A Kaduna ma mun sha layi, amma likitar da muka samu mace ce mai natsuwa. Ta fara ganin Hafsatu ita kaɗai, ta daɗe da ita, sa'an nan ta kira mu. Akwai maganganunta da suka zauna mini. Ta ce, "Malam, wannan ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Ba raunin imani ba ne, ba kuma ƙin ɗa ba ne. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce kamar hanta da ƙoda, tana yin ciwo, tana kuma warkewa." Na tambaye ta ko tambayar da Mama Tabita ta yi kai tsaye ba ta da haɗari, domin mu a ganinmu ambaton abu yana kiransa. Ta ce a'a, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, wanda kuwa yake da shi tana sauke masa kaya. Na sake tambaya, cikin ɗari-ɗari, game da rubutun sha. Ta yi murmushi ta ce, "Ku riƙe addu'arku, ni in riƙe ƙwayata, kada ɗaya ta kori ɗaya." Ta rubuta maganin da ba ya hana shayarwa, ta gargaɗe mu cewa ba ya aiki da wuri. Ta ce a nema wa mai jego barci ko ta wane hali, a sassauta zafin ruwan wanka, a rage kanwa. Da ta tabbatar akwai masu zama da ita koyaushe sai ta bar mu mu koma gida, da sharaɗin in abin ya tsananta mu dawo nan take, kada mu jira ranar da ta sa mana.

Ba zan ɓoye ba, jinyar ta ci dukiya. Maganin ba a cika samunsa a Kafanchan ba, sai an yi saƙo. Kuɗin mota zuwa Kaduna da dawowa kullum ƙaruwa yake yi. Nasiru ya sayar da cittar da ya ajiye yana jiran ta yi daraja, ni ma na rabu da tumakin da nake kiwo a bayan gida. Ina tunanin matan ƙauyukan da ke kewaye da mu, waɗanda ba su da citta ba su da tumaki, ina kuma roƙon masu iko su kawo irin waɗannan likitoci kusa da jama'a.

Makonnin farko na shan magani sun gwada haƙurinmu. Jiri ya dame ta, bakinta yana bushewa, sauƙi kuwa ba mu gan shi ba. Amma ta cika alkawarinta. Takan leƙo zaure ta ce, "Baba, yau da nauyi." Sai in sallami ɗalibai, in fito tsakar gida, mu zauna a inuwar mangwaro tana tsince acca ina ba ta labarin zamanin da jirgin ƙasa ke cika garin nan da baƙi. Ba na yi mata nasiha, zama kawai nake yi har nauyin ya sauka. Da la'asar Mama Tabita takan zo ta ja ta su taka zuwa bakin unguwa su dawo. Nasiru ya ajiye kunyarsa ya riƙa zuwa kullum, har ya koyi goyo, abin da ya sa Hajiya dariya har da hawaye.

Wadda ta fi ba ni mamaki Gwaggo ce. Wata safiya ta tara matan gida ta ce, "Ni na yabi kunyar nan, ni kuma zan soke ta. Daga yau babu ɗan fari a gidan nan. Hafsatu, ɗauki ɗanki ki yi masa rawa, in ba ki iya ba in koya miki." Ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta nuna yadda ake yi, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ita ce kuma ta karɓi renon yaron a lokutan barci, ana kawo shi ga uwarsa don shan nono kawai, domin Hafsatu ta sami hutu. Son da ta ce ta nema ta rasa bai zo rana ɗaya ba. A hankali ya riƙa tsirowa, har wata rana Hajiya ta same ta tana yi wa yaron faɗa a kan ya cika haɗama, shi kuma yana yi mata dariya da dasashi.

Akwai tuntuɓe ɗaya da ya wajaba in ambata. Bayan an yi arba'in da 'yan makonni, da ta ga ta sami sauƙi, wata baƙuwa ta ce mata irin wannan magani in an saba da shi ba a rabuwa, sai ta daina sha ba ta gaya wa kowa ba. Ba a jima ba tunanin ya dawo. A ranar da ya dawo ta gaya wa mahaifiyarta, muka koma Kaduna, likita ta mai da ta kan magani ba tare da tsawa ba, ta ce ita ce za ta faɗi lokacin ragewa, kuma a hankali ake yi. Haka aka yi daga baya. Duk mai jinyar irin wannan ya kiyaye, jin sauƙi ba shi ne gama warkewa ba.

Abin da nake so iyaye su ɗauka daga labarin nan kaɗan ne. Kunya kyakkyawar ɗabi'a ce, ban ce a yar da ita ba. Amma idan mai jego ta yi shiru, ta bar abinci, ta bar barci, to kafin a yaba a tambaya. A tambaye ta a keɓe, da taushin murya, da kalmomi bayyanannu, kuma in ta amsa da abin da ake tsoro kada a bar ta ita kaɗai, kada a tsaya gwaje-gwaje, a kai ta ga likita. Ga 'yan'uwana malamai kuma, idan muka karantar da hukuncin wannan al'amari, mu haɗa da bayanin cewa tunanin da ke zuwa wa mara lafiya ba zunubi ba ne, domin ba mu san wadda ke saurare daga bayan labule ba. Ke kuma da kike karanta wannan kina cikin irin halin, ki faɗa wa mutum ɗaya yau. In bai fahimta ba ki faɗa wa na biyu.

Yanzu Hafsatu ta koma ɗakinta, Malam Ƙarami ya fara tafiya, kuma babu littafin da ya tsira daga hannunsa a zaurena. Ranar Juma'ar da ta wuce sun zo mana yini. Ina zaune bayan la'asar sai na jiyo gardama ta kaure a tsakar gida tsakaninta da Hajiya. Na leƙa na ce lafiya?

Hafsatu ta ce, "Baba, zo ka raba mu. Na ce ranar saukar karatun yaron nan a gidan nan za a yi walima, kuma waina za a yi da miyar taushe. Hajiya ta ce sai dai shinkafa."

Hajiya ta ce, "Waina ga jama'ar unguwa duka? Wa zai tsaya a bakin tanda?"

"Ni mana! Ni da Mama Tabita. Gwaggo ta yi rabo, tun da ita ce mai iya hana yara ƙari."

Na dubi yaron, wanda ko kalma ɗaya bai iya ba tukuna, yana zaune yana tauna gefen tabarma. Na ce, "Auta, wannan walima fa sai nan da shekaru masu yawa."

Ta ce, "Na sani, Baba. Shi ya sa na fara shiri da wuri. Kai dai ka kula da lafiyarka, don kai za ka yi addu'a, ni kuwa ina nan."

Na ce na yanke hukunci waina za a yi. Na koma zaure na rufe ƙofa, na fuskanci alƙibla, na yi sujadar godiya, na daɗe ban ɗago ba.

Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na asibiti da na gida, waɗanda ciwonsu ke bayyane da waɗanda ke ɓoye shi. Ka saka wa duk wanda ya taimake mu da alheri, Ka zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Ka sanya albarka ga mai karanta wannan da iyalinsa, Ka raya musu 'ya'yansu, Ka bar musu iyayen 'ya'yan, Ka sa gidansu ya zama wurin da mai damuwa zai iya buɗe baki a saurare shi. Amin.